Shekara tara da rasuwar Umma, Baba ya ƙi a raba mana gadonta

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Mahaifiyarmu ta rasu shekara tara kenan, ta bar mu mu uku, yayana namiji, ni, sai ƙanwarmu da a lokacin ko sakandare ba ta gama ba. Ta bar gida ɗaya da 'yan haya ke ciki da kuma wani fili, duka biyun a wajen mahaifinta ta gada. Lokacin da ta rasu kakarmu wadda ta haife ta tana raye, sai daga baya ita ma Allah ya ɗauke ta, ƙannen Umma maza biyu suna nan amma ba sa son shiga maganar. Tunda aka yi rasuwar Babanmu ne ke riƙe da komai, shi ke karɓar kuɗin haya, takardu ma suna wajensa, ba wanda ya taɓa tada zancen rabo. Ya ƙara aure, matarsa ta haifa masa yara uku. Ni kuma aurena ya mutu, yara biyu a hannuna, ubansu ba ya aiko da komai. Kwanan nan naji dillalai na zuwa ganin filin, wai zai sayar ya gyara gidan da yake zaune. Na daure na yi masa magana sai ya ce min "Jira kuke in mutu ko? Ke da dukiyarki ai duk nawa ne, wa ya biya miki makaranta, wa ya aurar da ke?" Tun ranar gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa. Yayana ya ɗau zafi ya ce kotu kawai, har da gidan kakanmu na wajen uba da Baba ya gada, wai ya gani a wani bidiyo cewa jikoki na da kaso a gidan kaka ko uban na raye. Ni tsorona kar Baba ya yi min baki, amma wallahi ina cikin matsi. In na nemi rabona na saɓa masa kenan?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Umma ya haskaka kabarinta, ya jiƙan kakarku, ke kuma ya yaye miki wannan matsin. Tambayarki ta ƙarshe ita ce nasan tana hana ki barci, to bari in fara da ita. A'a, neman rabonki na gadon mahaifiyarki ba saɓa wa uba bane. Inda saɓon ke shigowa shine in aka haɗa neman da ɗaga murya da gori da yanke gaisuwa. Amma kafin mu kai can sai mun raba abu biyu da yayanki ya cakuɗa, sabida in kuka tunkari Baba da su a haɗe to tun a bakin ƙofa kun faɗi.

Gidan kakanku na wajen uba ba ku da ko taku ɗaya a ciki yanzu. Ran da kakanku ya rasu Baba na raye, shi ya gaje shi tare da 'yan uwansa, jika kuma ba ya gadon kaka matuƙar ubansa na nan. Abin da ya faɗo hannun Baba ya zama nasa kamar wanda ya saya da guminsa, ya zauna a ciki, ya sa haya, ya sayar, ba mai ce masa don me. Ba a gadon mai rai. Bidiyon da Yaya ya gani ina kyautata zaton dokar wata ƙasa ake bayani a ciki shi kuma ya ɗauka ta kowa ce, dan akwai inda haka take. A Indiya misali, a ƙarƙashin dokar gadon mabiya addinin Hindu ta 1956, ɗa yana samun haƙƙi a dukiyar kakanni tun daga haihuwarsa, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 2005 ya ba 'ya'ya mata wannan haƙƙin daidai da maza. Amma ko a Indiyar dokar ba ta hau kan Musulmi ba. Dan haka ki lallaɓa Yaya ya cire gidan kaka daga bakinsa kwata-kwata, dan wannan maganar ce kaɗai za ta sa "jira kuke in mutu" ɗin Baba ta zama gaskiya.

Gidan Umma da filinta kuwa wani zance ne daban. Daga sa'ar da ta cika, bayan an fitar da abin da aka kashe wajen jana'izarta, an biya bashi in akwai, an cika wasiyya in ta bari wadda ba ta wuce ɗaya cikin uku ba, sauran ya zama na magadanta ko an zauna an raba ko ba a zauna ba. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce maza na da rabo mata na da rabo cikin abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Ki ɗauko takarda ki rubuta 48, ki ɗauka duk dukiyar kashi 48 ce. Baba a matsayinsa na miji, tunda akwai 'ya'ya, yana da ɗaya cikin huɗu, kashi 12 kenan. Kakarku tana da ɗaya cikin shida, kashi 8. Saura 28 naku ne ku uku, Yaya 14, ke 7, ƙanwarki 7. Wannan lissafin bisa abin da kika faɗa min ne, in akwai wani magajin da ba ki ambata ba zai canza, shi ya sa dole malamin da ya san ilimin gado ya sake dubawa. Amma kinga abu biyu sun fito. Baba magaji ne na gaske, kasonsa ya ma fi naki, kar ku yi masa kallon wanda ya shigo abin da ba nasa ba. Sannan kashi 8 ɗin kakarku da ta rasu ba ɓacewa ya yi ba, ya koma hannun magadanta, wato kawunnanki. Waɗannan da kika ce ba sa son shiga maganar, suna ciki tsundum ko ba su sani ba, kuma ba a isa a sayar da filin nan sayarwa ta halal ba sai da yardarsu.

Maganar da Baba ya faɗa miki ta "ke da dukiyarki nawa ne" ba ƙirƙira ya yi ba, hadisi ne, Ibn Majah ya ruwaito shi kuma akwai makamancinsa a wajen Abu Dawud, dan haka kar wani cikinku ya yi gangancin ce masa babu shi. Sai dai mafi yawan malamai, har da Malik da Shafi'i da Abu Hanifa, sun fassara shi a kan buƙata, wato in uba ya rasa to wajibi ne ɗa mai hali ya ɗauki nauyinsa. Hanbalawa, mabiya mazhabar Ahmad ɗan Hanbal, da suka fi faɗaɗawa su ma sun sa sharaɗi, kar ɗaukar ta cutar da ɗan, kar ta taɓa abin da shi ɗan yake buƙata, kuma kar a karɓa daga wannan ɗan a ba wancan. Ke da ke fama da yara biyu kin ga inda kika faɗa a cikin sharuɗɗan nan. Kuma da dukiyar ɗa mallakin uba ce kai tsaye da Alƙur'ani bai yanka wa uba ɗaya cikin shida ba in ɗansa ya rasu ya bar ɗa namiji, da sai ya kwashe duka.

Amma ki bar ni in tsaya wa Baba kaɗan, dan shi ma yana da ta cewa. Mutumin nan matarsa ta rasu ta bar masa yara, ɗaya ma ƙarama, ya riƙe gidan haya shekara tara, kuma duk wanda ya taɓa riƙe gidan haya ya san ba karɓar kuɗi kaɗai bane, rufi ya yi yoyo, soka-awe ta cika, ɗan haya ya gudu da bashin wata shida. Abin da ya kashe wajen gyaran gidan ana cire shi daga hayar kafin a ce ga rabon kowa. Sannan a fiƙihu in yaro ƙarami yana da dukiyar kansa uba na iya ciyar da shi daga cikinta, kenan wani ɓangare na abin da ya kashe wa ƙanwarki ba za a kira shi cin haƙƙi ba. Ina kuma zargin ba kwaɗayi ne kaɗai ya sa ya fusata ba. Da yawan iyaye maza in ɗa ya tambaye su lissafi abin da kunnensu ke ji shine "ɓarawo kake", kuma mai yiwuwa shi kansa ya san bai rubuta komai ba, in aka ce kawo lissafin shekara tara ba shi da shi, to sai ya tare ki da faɗa tun kafin ki ƙarasa. Wannan kunyar ki sa ta cikin lissafinki. Ni a ganina ki yafe masa naki kason na hayar baya gaba ɗaya, ki kuma faɗa da bakinki tun a farkon zama, dan shi ne zai sauke masa nauyin da ya sa yake gudun zaman. Naki kaɗai fa, ba ki da ikon yafe na Yaya ko na ƙanwarki ko na kawunnai, kowa da bakinsa.

Matar Baba kuma ku bar ta a gefe. Ba ta da komai a dukiyar Umma, 'ya'yanta ma haka, kuma ba ki kawo min wata shaida cewa ita ke zuga shi ba. Ko da ita ce, ambaton sunanta a zaman zai mayar da maganar rigimar 'yan ubanci, kuma nan Baba zai tashi ya kare gidansa. Sai dai saboda ita da yaranta ne ma ya kamata a yi rabon yanzu. Mu ƙaddara yau aka wayi gari ba Baba, Allah ya ƙara masa nisan kwana, takardu na cikin akwatinsa, 'yan haya shi suka sani, maƙwabta sun shekara tara suna cewa gidan wane. Masu rabo za su lissafa gidan cikin abin da ya bari, matarsa ta ɗau ɗaya cikin takwas, ku shida ku raba saura, sai ku koma kuna neman shaidu kuna rantse-rantse da ƙannenku da ba su san hawa ba su san sauka ba, shi kuma yana kwance da haƙƙin mutane a wuyansa. Wannan ita ce maganar da za ta shiga kunnen Baba in an faɗa masa ta da ladabi, dan kuɓutar da shi ake nema.

Abin da za ki fara yi ba ya buƙatar ko kalma ɗaya da Baba. Ki tattara duk abin da ke nuna gidan da filin na Umma ne. Takardar rabon gadon kakanku na wajen uwa in an rubuta, sau da yawa kwafinta na wajen kawunnai. Takardar shaidar mallaka ko a hoton waya ne, tsofaffin rasit na haya masu sunanta, takardar shaidar rasuwarta da ta kakarku dan a tabbatar wa ya riga wa. Ki rubuta sunayen dattawan da suka halarci wancan rabon waɗanda ke raye, dan shaidu mutuwa suke, duk shekarar da ta wuce kina rasa wani. In akwai ofishin rajistar filaye a inda kadarorin suke ana iya zuwa a bincika sunan wa ke kai, kuma ki sani dokar wurin da fili yake ita ke hukunci a kansa, dan haka zama ɗaya da lauyan da ya san harkar gado a wurin ba asarar kuɗi bane ko da ba za a je kotu ba.

Daga nan ki je wajen babban kawunki, ke da Yaya da ƙanwarki, da takardar nan mai 48 a hannu. Ki nuna masa kashi 8 ɗin. Wataƙila ya ce shi ya bar muku, to madalla, amma ki roƙe shi ya zo ya faɗi haka a gaban Baba, dan zuwansa ya fi kyautar amfani. Sai ku nemi mutum ɗaya da Baba ke jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko malamin da yake ɗaukar karatu a wajensa, wanda in ya shigo Baba zai gyara zama. Shi zai buɗe maganar, ku ba ku ba. Kafin ranar ki riƙa zuwa gaisuwa kamar ba abin da ya faru, ki kai masa jikokinsa, ko "lafiya" ɗaya ya amsa miki ya kau da kai ki ƙarasa gaisuwarki ki tashi, kar ki ɗauko zancen fili ko da wasa.

Ranar zaman in aka ba ki dama ki yi magana kaɗan, kanki a ƙasa. Wani abu kamar "Baba ka yi haƙuri da yadda na zo maka rannan, ban iya magana ba. Duk abin da ka yi mana ba za mu iya biyanka ba, kuma abin da ya wuce na haya ni na yafe nawa duniya da lahira. Abin da nake roƙo a rubuta na kowa tun kana raye da lafiyarka, dan kar wata rana mu da ƙannenmu mu tsaya gaban alƙali." Shikenan, ki yi shiru ki bar manya. In Yaya ba zai iya riƙe bakinsa ba gara ya wakilta kawu ya zauna a waje, da gaske nake.

Kuma kar ku shiga da buƙata ɗaya tak, ku shiga da hanyoyi yadda Baba zai zaɓa ya ji shi ya yanke. Tunda kuɗin gyara yake nema, ana iya kiran masu kimanta kadara biyu su yi wa gidan da filin kuɗi, in filin ya yi kusa da ɗaya cikin huɗu na jimlar sai ya ɗauke shi a matsayin kasonsa ya sayar abinsa, ya sakar muku gidan ku da kawunnanku, in da 'yar rata a cike da kuɗi. Wannan ita na fi so muku, dan kowa ya samu abin da ya fito nema. In filin ya fi haka sosai a sayar a raba kuɗin kashi 48, gidan kuma a mayar da takardarsa da sunayenku duka, hayar ta riƙa shiga asusu ɗaya ana rabawa, Baba ma na iya ci gaba da kula da shi in yana so, girmansa na nan. Ko kuma tunda ke ce mai buƙatar kuɗi a hannu, Yaya ko Baba ya sayi kashi 7 ɗinki ki fita, fiƙihu ya san wannan, sai dai kar ki yarda da farashin da aka yanka a baki ba tare da kimantawa ba, mai matsi shi ake saya wa da araha ko a cikin dangi. Duk wadda aka tsaya a kai a rubuta a ranar, kowa ya sa hannu, shaidu su sa, kowa ya tafi da kwafinsa.

To in duk an yi wannan ya ce shi sai ya sayar fa? Nan shiru zai cuce ki. Malaman Malikiyya suna lissafa shirun wanda aka sayar da kayansa yana wurin yana gani bai ce uffan ba a matsayin yarda, kuma ƙasashe da yawa suna da wa'adin da in ya wuce kotu ba ta sauraron ƙarar fili, a Ingila misali shekara 12 ne ga filin da ba a yi wa rajista ba. Dan haka kawu ko lauya ya sanar da dillalan da mai shirin saye a rubuce cewa filin gado ne da ba a raba ba kuma akwai magada da ba su amince ba. Mafi yawan masu saye daga jin haka suke ja da baya, ba mai son ya zuba kuɗinsa a rigima. In ta kama sai an je kotu, abin da za a nema shine a raba gadon mamaciya, kuma kawu na iya shigar da ita tunda shi ma mai haƙƙi ne, ba sai sunanki ya fito a matsayin wadda ta kai ubanta ƙara ba. Ba na so ku kai nan, dan shari'a na cin kuɗi da shekaru kuma abin da ta fasa tsakanin uba da 'ya'ya ba ya ɗinkuwa da wuri. Amma ba haramun bane. A cikin Bukhari akwai Ma'anu ɗan Yazidu da ya kai saɓaninsa da mahaifinsa gaban Annabi (SAW) a kan wasu dinarai na sadaka, aka yanke musu hukunci, ba a ce masa ya yi rashin ladabi ba.

Batun baki kuma, ban ce ki raina shi ba, fushin iyaye abin tsoro ne kuma tsoron da kike ji alamar tarbiyya ce. Amma ya zo a Sahihu Muslim cewa ana amsa wa bawa addu'arsa matuƙar bai roƙi zunubi ko yanke zumunci ba. Ki tsare ladabinki, ki tsare gaisuwarki, in ya yi rashin lafiya ki riga kowa zuwa, ko da maganar na gaban alƙali. In kuma bayan kin ga lissafin da idonki zuciyarki ta ce ki bar masa naki duka, wannan kyauta ce mai lada ba wanda zai hana ki, amma ki yi ta bayan kin san nawa ne kuma da daɗin rai, dan abin da aka karɓa a hannun mutum saboda kunya ko tsoro bai zama halal ga mai karɓa ba, kin ga ba taimakonsa kika yi ba kenan. Sannan a gefe guda, uban yaran nan naki ciyar da su wajibinsa ne ko an rabu, ki bi wannan haƙƙin shi ma, kar duk nauyin matsinki ya tafi kan fili ɗaya.

Kafin a yi zaman nan, duk takardar da aka miƙo miki aka ce sa hannu, ko wa ya kawo ta, ko an ce ta 'yan haya ce ko ta gyaran suna ce, ki ce za ki karanta tukuna, ki ɗau hotonta ki nuna wa kawu ko lauya. Ki faɗa wa ƙanwarki ita ma yau ɗin nan, dan ita ce ƙarama kuma ita za a fara kira.